Sun ce in daina kuka, wai kuka rashin bangaskiya ne

Maman Tagwaye, Hanwa:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya cika mini ciki.

Wata huɗu ke nan da muka binne ƙanena, wanda yake bi na. Masu garkuwa da mutane suka tare shi a hanyar ƙauyenmu ta wajen Giwa, yana dawowa daga gona da yamma. Muka sayar da masarar bara da muka ajiye, muka sayar da saniya, zumuntar mata suka yi mana karo-karo, aka kai abin da suka nema. Suka karɓa. Gawarsa muka samu. Ya bar mata da yara uku.

Tun daga ranar ba na barcin kirki. Babur ya tsaya a ƙofar gida da dare, sai gabana ya faɗi. Lahadin da ta wuce ana cikin waƙa hawaye suka zubo mini, da aka tashi sujada wata 'yar'uwa ta ja ni gefe ta ce in daina, wai mai bi ba ya kuka kamar marar bege, wai ina ba Shaiɗan ƙofa. Na dawo gida ina tambayar kaina, ashe bangaskiyata ce ta mutu ban sani ba?

Ga kuma na biyu. Yayyena maza biyu ba sa ga-maciji tun zaɓen 2023. A wurin zaman makoki, gaban tsohuwarmu, babban ya dubi ƙaramin ya ce, "Waɗanda ka dangwala wa su ne suka kashe shi." Coci ɗaya suke zuwa, jibin Ubangiji ɗaya suke ci, amma ko gaisuwa babu. Ni dai ku gaya mini gaskiya, ina amfanin bangaskiyar nan tamu in ba ta raba ni da tsoro ba, ba ta kuma haɗa 'yan ciki ɗaya ba?

Dattijo na Sabon Gari:
'Yata, sannu. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya raya marayun, ya ba tsohuwa haƙuri. Wadda ta ja ki gefe ta karanta rabin aya ne. A 1 Tasalonikawa 4:13 Bulus bai hana baƙin ciki ba, abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege. Akwai tazara mai nisa tsakanin waɗannan biyu. Buɗe Yohanna 11:35. Yesu yana tsaye kusa da kabarin Li'azaru, ya san nan da ɗan lokaci zai tashe shi, duk da haka ya yi kuka. In kuka rashin bangaskiya ne, to wa za mu tuhuma? Yi kukanki, 'yata. Ko a cikin majami'a ne, nan ne ma ya fi dacewa.

'Yar Basawa:
Wayyo Mama, sannu. Na karanta ina hawaye. Allah ya isar muku.

Nas ta Samaru:
Yaya, sannu da haƙuri. Ni ta wajen aikina zan yi magana. Rashin barci na wata huɗu, faɗuwar gaba in kin ji babur, firgita da dare, duk abin da jiki ke yi ne bayan ya ga tashin hankali. Ba zunubi ba ne, ba kuma aljani ba. Don Allah ki je ki ga likita, ki faɗa masa kamar yadda kika faɗa mana, a kuma auna miki jini, domin irin wannan damuwa tana tayar da hawan jini a ɓoye. Ki tuna da Iliya a 1 Sarakuna 19. Annabi ne da ya kira wuta daga sama, amma da Yezebel ta yi masa barazana ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa, sau biyu. Sai daga baya aka yi magana. Matar marigayin ma a duba ta, sau da yawa hankali yana kan yara a manta da uwarsu.

Ɗan Palladan:
Mama, Allah ya ba ku haƙuri. Amma iyayena ku yi mini afuwa, tambayarta ta ƙarshe ba wanda ya taɓa ta. Kullum haka muke yi. A kashe mu, mu buɗe aya, mu binne, mu jira na gaba.

Ni ina yaro ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012 da aka tayar da bam a cocin ECWA na Wusasa da babban cocin Katolika na Christ the King a Sabon Gari, duka a nan Zariya, da wani cocin a Kaduna, duk a safiya ɗaya. Har yau ina tuna yadda mahaifiyata ta ja ni muna gudu, takalmina ɗaya ya faɗi ba ta bar ni na koma ba. An ce mana mu yi addu'a. Leah Sharibu, 'yar makarantar da Boko Haram suka sace, tun Fabrairun 2018 take hannu, an sako 'yan'uwanta na Dapchi an riƙe ta don ta ƙi barin Almasihu. An ce mu yi addu'a. Aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika a farkon 2020. Aka kwashe ɗalibai fiye da 100 na makarantar Bethel Baptist a Kaduna a Yulin 2021, iyaye suka yi ta zaman dirshan a harabar makaranta. Aka kashe Deborah a Sakkwato a 2022. Duk amsar ɗaya ce.

Ni ban bar coci ba, ba kuma zan bari ba. Amma na fara zargin ana amfani da "haƙuri" ana rufe mana baki. Kuma babban yayan Mama, ko da kalmarsa ta yi zafi, me ya faɗa da ba gaskiya ba? Wanda ya ga an tsayar da Musulmi da Musulmi a tikiti ɗaya, takarar shugaban ƙasa da mataimakinsa, a jiha ma haka, ya je ya dangwala, ya ce mana me?

Dattijo na Sabon Gari:
Ɗana, a hankali. Mace ce a cikin makoki ta buɗe maganar nan.

Maman Tagwaye, Hanwa:
Baba, ku bar shi ya faɗa. Abin da yake faɗa shi nake ji a gidanmu kullum. Gara in ji amsarsa a nan.

Tsohon Malami, Wusasa:
Jikana na Palladan, na ji ka, ban kuma raina zafinka ba. Na haura saba'in, a Wusasa aka yanke mini cibi, bari in ba ka abin da na gani da wanda kakannina suka ba ni.

Kai a 2012 ka fara lissafi. Mu namu ya girme haka. Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, kafin a dawo da mishan Wusasa a 1929, shekarar da aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa, wadda take tsaye har yau. Cikin waɗanda suka fara karɓar bishara akwai zuriyar 'yan Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda abin da yake koyarwa game da Annabi Isa. Jikokin almajiransa suka nemo Mila, aka kafa musu gari a Gimi. Ka san abin da ya same su? Ba takobi ba, ciwon barci. Ya bi su gida-gida, ya ci manya da yara, garin ya watse. Mutanen da suka bar komai saboda Yesu, suna ganin sun iso hutawa, sai ga kaburbura. In da akwai waɗanda suka cancanci su ce "ina amfanin bangaskiyar nan", su ne. Waɗanda suka tsira suka dawo Zariya, kuma daga wannan ragowar ne aka sami gidajen da suka ba Arewa malamai da likitoci. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa. Ayar da Dattijo ya buɗe wa 'yarmu ɗazu, cikin harshenta take karanta ta saboda mutanen da suka binne 'ya'yansu ba su juya baya ba.

A Maris 1987 ina koyarwa. Rikici ya tashi a kwalejin horar da malamai ta Kafanchan, cikin kwana kaɗan wuta ta iso Zariya. Na tsaya da idona na ga hayaƙin majami'u yana tashi ta ko'ina, Sabon Gari, Samaru, har nan wajenmu. Lahadin da ta biyo baya mun yi sujada a fili, muna zaune kan bulo da gawayi yana shafa mana riga. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji tsoro, gwiwoyina suna rawa. Na kuma ji ƙiyayya, irin wadda ban san tana cikina ba. Shekara biyu ban taka cikin birni ba, alhali ƙanwar mahaifiyata tana aure a can, Musulma ce, ita ta goye ni. Da ta kwanta ciwon ajali ta aiko a kira ni. Na je. Ta kama hannuna ta ce, "Ashe kai ma ka ɗauke ni cikin masu ƙona coci?" Ban sami abin cewa ba. Wannan tambayar ta fi wutar 1987 ƙona ni.

To ga amsata ga tambayar 'yarmu. Bangaskiya ba ta taɓa cire mini tsoro ba. Abin da ta yi mini shi ne ta hana tsoron ya zama ubangijina. Tsoro yana cewa kada ka je cikin birni, kada ka gaisa da wane, kada ka amince da kowa sai naka. In ka bi shi, shi kake bauta wa, ko kana zuwa coci sau bakwai a mako. Zabura 23 ba ta ce ba za mu bi ta kwarin inuwar mutuwa ba. Ta ce a cikin kwarin akwai wanda yake tare da mu.

Ɗan Palladan:
Kaka, na gode, ban san labarin Gimi ba. Amma har yanzu haƙurin ne dai. Yaushe za mu tashi?

Fasto na Muchiya:
Bari in shigo nan. Ɗan'uwana na Palladan, wanda ya koya maka cewa bangaskiya ita ce naɗe hannu bai koya maka daidai ba, kuma in mu fastoci ne muka yi, laifinmu ne. Nehemiya 4:9 ta ce sun yi addu'a ga Allah, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Biyun tare. Bulus da aka ɗaure shi za a yi masa bulala ya tambaya ko doka ta yarda a bugi ɗan ƙasar Roma ba shari'a, daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Saboda haka yin katin zaɓe, kai ƙara kotu, zuwa gaban shugaban ƙaramar hukuma a ce hanyar nan ba tsaro, sa ido a ƙofar coci, rubuta sunayen waɗanda aka kashe don kada a ce ba a yi ba, duk aikin mai bi ne. Habakuk ma da kuka ya fara littafinsa, yana tambayar Allah har yaushe zai yi ta kira a kan zalunci ba a ji.

Inda na ja layi shi ne ramuwa. Ka ambaci 17 ga Yuni 2012, amma ka tsaya a safiya. Da rana ta yi, samari a wajen Kaduna suka tare hanya suna fito da matafiya daga mota, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wasu cikin samarin nan daga coci suka fito. Wanda ya ɗaura bam ya kashe mana mutane, amma waɗannan sun kashe mana shaida. Romawa 12 ta ce kada mu rama, mu bar wa Allah fushi, ta rufe da cewa kada mugunta ta rinjaye mu. Ranar nan ta rinjayi wasunmu.

Kawu na Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, Tsohon Malami ɗan'uwan mahaifiyata ne, shi ya sa ni cikinku saboda maganar zumunci. Ba na sa baki a abin da ya shafi aƙidarku, amma ina yi wa Maman Tagwaye ta'aziyya. Allah ya ba ku haƙuri.

Abu ɗaya zan ce wa yaron nan na Palladan, da girmamawa. A Giwa da Birnin Gwari, yawancin waɗanda 'yan bindiga ke kashewa suna kwasa Musulmi ne Hausawa, an sha kashe mutane a kan sallaya. Bam ɗin da ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari a Dogarawa ranar 7 ga Yuli 2015, ana tantance ma'aikata, bai tambayi addinin kowa ba. Na rasa abokin da muka yi firamare tare a wurin. A rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, da Human Rights Watch ta ce ya ci sama da mutum 800 a Arewa, an ƙona coci a nan Zariya, an kuma kashe Musulmi da yawa a Zonkwa da kewaye. A daren nan iyalai biyu Kirista suka kwana a ɗakin mahaifiyata, ni da ƙannena muna zaune a zaure har asuba. Ban faɗa don a gode mini ba. Na faɗa ne don in yaron nan zai lissafa gawa, ya haɗa da namu, mu ma mu haɗa da nasu. Ba na musun cewa akwai wanda aka kashe don shi Kirista ne kawai. Akwai, kuma abin kunya ne a kanmu.

Ɗan Palladan:
Kawu, Allah ya saka. Ban ce kowane Musulmi ba. Na san labarin limamin nan na wajen Barikin Ladi, Abubakar Abdullahi, da ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallaci da gidansa a 2018. Irinku akwai. Amma wahalar neman filin gina coci a wasu garuruwan Arewa, da yadda ake duba sunanka kafin a ba ka aiki ko gurbin karatu, waɗannan ba 'yan bindiga ke yi ba. Shi ya sa maganar ƙuri'a take da zafi a wajenmu.

'Yar Basawa:
Nan kam ina bayanka. Ni ma na ji zafin tikitin nan. A gidanmu babu wanda ya zaɓe shi. Amma Yaya, ka san dalilin da ya sa ƙaramin yayan Mama ya zaɓi abin da ya zaɓa? Ka tambaye shi?

Maman Tagwaye, Hanwa:
Bari in faɗa muku. Shi manomi ne kuma ɗan jam'iyya tun yana saurayi, shi ne wakilinsu a mazaɓarmu. Ya ce shi mutumin da ya taimaka aka yi wa ƙauyenmu rijiyar burtsatse ya bi, kuma yana ganin in babu namu ko ɗaya a ciki, ranar rabo ba wanda zai tuna da mu. Babban kuwa ya ce wannan sayar da Yesu ne da rijiya. Kuma shi ƙaramin, shi ne ya ɗauki kuɗin fansar a jaka ya shiga daji shi kaɗai. Shi ya ɗauko gawar a kan babur. Da aka gaya masa waccan magana bai ce uffan ba, ya tashi ya fita, har yau bai sake taka gidan Yaya ba.

Fasto na Muchiya:
Kai. Wannan ya taɓa ni.

Zan faɗi laifina a gabanku. Gab da zaɓen nan na tsaya a bagade na yi maganar da duk mai kunne ya san inda na dosa, na ce wanda ya zaɓi wancan ɓangare ya binciki ceton ransa. An yi tafi. Na ji daɗin tafin. Bayan zaɓe, dattijai biyu da suka yi shekara da shekaru suna ɗaukar baiko tare suka daina zama a benci ɗaya, wani magidanci ya kwashe iyalinsa ya bar mu. 'Yan siyasar da muka yi faɗa dominsu kuwa, kun gani da idonku, wannan ya koma jam'iyyar wancan, suna cin abinci tare a Abuja. Ra'ayina a kan tikitin bai canja ba, har gobe ina ganin rashin adalci ne a ƙasa irin tamu. Amma ba ni da ikon ɗaura ceton mutum a kan ƙuri'arsa. Jinin Almasihu ne ya saye shi, ba tawadar babban yatsa ba. Na tsaya a bagaden nan na nemi gafara, wasu sun yafe, wasu har yau.

Ku duba almajirai goma sha biyu. Akwai Matiyu, mai karɓar haraji, ma'aikacin gwamnatin Roma. Akwai Saminu da ake kira Zaloti, sunan da ke nuna mai zafin kishin ƙasa, irin waɗanda suke ganin mai karɓar haraji maci amana ne. A siyasance waɗannan biyu ba abin da ya haɗa su. Yesu ya zaunar da su a akushi ɗaya shekara uku, ya wanke ƙafafun dukansu. Ba mu ga inda ya ce sai ra'ayinsu a kan Roma ya zama ɗaya kafin su ci ba.

Tsohon Malami, Wusasa:
Fasto, Allah ya yi maka albarka da wannan gaskiyar. Ba kowa ke iyawa ba.

Yaran yanzu suna ɗauka Kiristan Arewa jam'iyya ɗaya aka haife shi da ita. Dakta Barau Dikko, ɗan Wusasa, likita na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, likitan Sardauna ne, ya shugabanci ABU daga 1966 zuwa 1975, ya tsaya mataimakin Azikiwe a zaɓen 1979 suna hamayya da Shagari, daga baya ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shagarin. Janar Gowon, wanda mahaifinsa mai bishara ne a nan, da yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970 ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Kowannensu akwai abin da za a iya sukarsa a kai, mutane ne. Amma a zamaninsu mun ga 'yan NPN da 'yan NPP da 'yan PRP sun yi gardama a bakin majami'a har jijiyar wuya ta tashi, aka buga ƙararrawa suka shiga suka durƙusa a layi ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangonmu mu muka tsaga shi da hannunmu.

Ɗan Palladan:
To Kaka, a ce mun yafe wa juna a cikin gida. Waɗanda suka kashe ƙanen Mama fa? Ita ma za ku ce ta yafe?

Dattijo na Sabon Gari:
Ba yau ba, kuma ba da umarnin wani ba. Ubangiji ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu mu yi wa masu tsananta mana addu'a, ba zan goge wannan daga Matiyu 5 don ya yi mini nauyi ba. Amma gafara ba ta hana hukuma kama mai laifi, ba ta kuma nufin a ce abin bai yi zafi ba. Kuma tana da lokacinta. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin guda. Sai 1995 suka haɗu, kuma Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya daɗe yana tare da Ashafa zuciyarsa ba ta sauko ba. Ka ga shekaru. Mace mai wata huɗu da binne ƙanenta, abin da take bukata a wajenmu shi ne abin da abokan Ayuba suka yi da farko, suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce kome. Da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Nas ta Samaru:
Baba, wannan gaskiya ne. Mu mata a zumunta mukan cika gida a makon farko, da kuloli da waƙoƙi, bayan sati biyu kowa ya watse. Alhali wata na uku da na huɗu ne ɗaki ke yin shiru, abin ya sauko wa mutum.

Maman Tagwaye, Hanwa:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Na yi kuka kuma ban ji kunya ba. Baba Dattijo, na buɗe Yohanna 11, na ga Marta da Maryamu duk sun ce wa Yesu da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba. Maganar da ke bakina ke nan wata huɗu, ina tsoron furta ta. Jiya da dare na furta ta cikin addu'a. Bai tsawata wa Marta ba, na san ni ma ba zai tsawata mini ba. Maganar yafe wa waɗancan, ban kai ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba. Nas, zan je asibiti ranar Litinin, zan tafi da matar marigayin.

Yayyena ne ban san ta inda zan kama ba. In na kira su zama, kowa zai zo da hujjarsa.

Tsohon Malami, Wusasa:
Kada ki kira su zaman sulhu, 'yata. Namiji in an ce ya zo ya ba da haƙuri gaban jama'a sai ya ƙara taurin kai. Gonar marigayin fa, wa ya girbe?

Maman Tagwaye, Hanwa:
Ba kowa, Baba. Masarar tana tsaye ta bushe, ga dawa tana tafe. Matarsa ba ta iya zuwa, mu kuma tsoron hanyar muke ji. Abincin yaran nan na shekara ke nan a tsaye a daji.

Tsohon Malami, Wusasa:
To a kira gayya. Tsohuwarku ce za ta aika wa kowannensu, ba ke ba, ta ce abincin marayun ɗanta zai lalace a gona. Ba wanda zai iya ce wa uwarsa a'a a kan wannan. Kada kowa ya ɗauko maganar zaɓe, kada a yi musu wa'azi. A ba su buhu ɗaya su riƙe baki biyu. In babban yana da zuciya, kuma na san yana da ita, a gonar nan zai tuna wanda ya ɗauko gawar.

Fasto na Muchiya:
A yi shi da hankali. A sanar da mai gari da 'yan sintirin ƙauyen tun da wuri, su za su faɗa mana ko hanyar ta yi dama a ranar, in sun ce a dakata a dakata. A tafi da yawa, a fita da sassafe, a baro gona kafin la'asar. Zan yi magana da faston cocinku, zan kuma nemi samari daga wajenmu.

Kawu na Tudun Wada:
Ina da a-kori-kura. Man ma ni zan zuba. Mai garin wajen na san mutanensa, zan kira yau da dare.

'Yar Basawa:
Mu za mu yi kunu da ƙosai. Mama, ki turo mini lambarki ta gefe, kada ki sa a nan.

Ɗan Palladan:
Ban janye maganata a kan tikitin ba, kuma ina nan a kan cewa shiru ya yi mana yawa. Fasto, maganar rubuta sunayen waɗanda aka kashe da kai kuka gaban hukuma, ina so mu zauna a kai da gaske, kada ta tsaya a nan. Amma gayyar zan zo, da abokaina uku. Ban iya karyar masara sosai ba, ɗaukar buhu dai na iya. A ina za a haɗu?

Maman Tagwaye, Hanwa:
Na kira tsohuwa yanzu. Ta yi shiru, sannan ta ce za ta aika musu gobe bayan sujada. In mai gari ya ce hanya lafiya, Asabar mai zuwa ke nan. Mu haɗu a Kwangila, ƙarƙashin gada, ƙarfe shida na safe. Wanda yake da buhunan da ba ya amfani da su ya taho da su, namu duk mun sayar da masarar a ciki.